Lambatun unguwarku ya toshe: yadda ake kai kuka ƙaramar hukuma a Zariya har a ga aiki

Duk wanda ya yi damina a Zariya ya san abin da watan Agusta yake yi wa lunguna. Ruwa ya sauko da la'asar, kafin magariba lambatu ya tumbatsa, ledar fiya-wata da robobin lemo sun toshe bakin kwalbati, ruwan ya rasa hanya ya juyo cikin zaurukan mutane. Katangar ƙasa ta sha ruwa kwana biyu, a na uku ta zauna. Washegari a majalisar bakin masallaci kowa da abin faɗa: gwamnati ta manta da mu, kansila tun da aka zaɓe shi ba a sake ganin ƙeyarsa ba. Sau da yawa gaskiya ake faɗa. Amma tambayi wa ya rubuta takarda, wa ya kai ta, ran yaushe, wa ya karɓa, sai wuri ya yi tsit.

Na daɗe ina riƙe da littafin ƙungiyar unguwarmu, na kuma sha zama a bencin ofisoshi. Abin da na gani da idona shi ne, a wurin hukuma kukan da ba a rubuta ba, ba a buga masa hatimi ba, tamkar ba a yi shi ba ne. Zan ɗauki lambatu a matsayin misali, amma hanyar ɗaya ce ko bola ce ta cinye muku hanya, ko burtsatse ya mutu, ko iska ta yaye rufin aji.

Ku fara sanin ƙofar da za ku ƙwanƙwasa

Garin da muke kira Zariya ƙananan hukumomi biyu ne suka raba shi, Zariya da Sabon Gari. Ta Zariya tana da gundumomi 13: Kwarbai A da B, Unguwar Juma, Limancin Kona, Kaura, Unguwar Fatika, Tudun Wada, Gyallesu, Tukur Tukur, Dambo, Wuciciri, Dutsen Abba da Kufena. Ta Sabon Gari tana da 11, cikinsu akwai Samaru, Hanwa, Basawa, Bomo, Jama'a, Cikaji, Muciya da Dogarawa. Kowace gunduma da kansilanta. Idan kuna shakka, duba katin zaɓenka, sunan ƙaramar hukuma da na gunduma suna rubuce a jiki. Sai dai katin ba ya warware shakka a sababbin unguwannin bakin gari, inda za ka tarar da mutane goma a layi ɗaya kowa katinsa na tsohuwar unguwarsa ne, ba wanda ya san gundumar da gidansa yake ciki. A irin wannan hali mai unguwa za a tambaya.

Sai tambaya ta biyu, wadda a kanta mafi yawan takardu suke mutuwa: aikin nan na wa ne? Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa abin da ke wuyan ƙaramar hukuma. Akwai gini da gyaran titunan cikin unguwa da magudanan ruwa da fitilun titi, kwashe shara, kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da banɗakunan jama'a, maƙabartu, sa wa tituna suna da gidaje lamba, da sa ido kan shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi. A makarantun firamare da asibitocin sha-ka-tafi da harkar noma kuwa, hannu take sawa tare da jiha. Don haka lambatun lungu nata ne, ba tantama.

Abin da ba nata ba ma yana da yawa. Tiransifoma ta ƙone, wannan na kamfanin Kaduna Electric ne. Ruwan famfo ya ɗauke ko bututu ya fashe, na hukumar ruwa ta jiha ne. Wani ya yi gini a kan hanyar ruwa, hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA, ke da hurumi, takardun fili kuma hukumar kula da filaye, KADGIS. Manyan titunan jiha na hukumar tituna ta jiha ne, wato KADRA, hanyar Kaduna zuwa Kano da ta Funtuwa kuwa na gwamnatin tarayya ne. Ciyaman zai iya sa baki a duk waɗannan, kuma yana da kyau a ba shi kwafi, amma in ka kai masa kukan tiransifoma shi kaɗai, ka ba shi hujjar da zai ce ba aikinsa ba ne, kuma bai yi ƙarya ba.

Kafin a taɓa biro

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya iya nuna wurin. Ranar da aka yi ruwa, a fita da waya a ɗauki hoto yayin da ruwan yake kwance, a sake ɗauka bayan ya janye, ta yadda alamar laka a jikin bango za ta nuna inda ya kai. A samu tef a auna tsawon wurin da ya lalace, daga ina zuwa ina, mita nawa. A ƙirga gidajen da ruwa ya shiga, ɗakunan da suka rushe, shagunan da kaya suka jiƙe. Idan ruwan kwata ya malala cikin rijiya, a rubuta wannan da kyau, domin daga nan amai da gudawa suke farawa, kuma shi ne abin da zai tayar da sashen lafiya tsaye.

A nan ina roƙon maza su saurari matan gida. Mu da safe muke fita. Su ne suke kwana kwarfe ruwa daga tsakar gida, su suka san ta wace kafa yake shigowa da kuma yaran da suka kwanta zazzaɓi bayansa. A tura 'yan mata biyu ko malamar Islamiyya ta bi gida-gida ta rubuto. Bayanin da za ta kawo ya fi wanda za a tattara a majalisa inganci nesa ba kusa ba.

Daga nan a kira taro, a naɗa mutum uku zuwa biyar su riƙe maganar: dattijo guda da ake jin nauyinsa, wanda ya iya rubutu, matashi mai ƙafar zirga-zirga, da mace. A unguwannin Sabon Gari da Samaru da Wusasa, inda ake zaune a cakuɗe, a tabbata maƙwabta Kirista da Yarabawa da Ibo suna ciki, a sanar a coci kamar yadda aka sanar a masallaci. Ruwa ba ya tambayar gidan wa zai shiga. A kuma yarda tun a taron farko cewa ba maganar jam'iyya. Da zarar an ga takardarku ta 'yan adawa ce ko ta 'yan gaban goshi, rabin unguwa sun janye hannu.

Akwai abu guda da nake ganin ya fi kowane tasiri, wato ku fara yin naku. A sa ranar Asabar a yi aikin gayya, a fito da shebur da manjagara da baro, a yashe abin da hannu zai iya yashewa, a tara shi wuri guda, a ɗauki hoto. Wanda ya je ya ce mun yashe mita kaza da kanmu, tifa muke nema ta kwashe kafin ruwa ya mayar da shi ciki, ba a kallonsa kamar wanda ya je hannu rabbana.

Mai unguwa, sannan kansila

Kada ku tsallake sarauta. A ƙasar Zazzau tsani a shimfiɗe yake: mai unguwa, dagaci, hakimi, har zuwa fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, wanda ya hau gadon a 2020. Masu sarauta ba su riƙe da kuɗin aiki, amma sa hannun mai unguwa da hatimin hakimi su ne shaidar cewa takardar ta jama'a ce, ba ta mutum ɗaya mai neman suna ba. A je masa gida da safe ko bayan la'asar, a gaisa yadda ya kamata, sannan dattijon ya buɗe magana: "Ranka ya daɗe, kukan 'ya'yanka muka kawo, ga abin da ruwa ya yi mana, muna so ka sa mana albarka ka kuma sa mana hannu." Idan toshewar ta samo asali ne daga wani maƙwabci da ya ɗora dakali ko shago a kan lambatu, a nan ya fi dacewa a kashe maganar. Rusau abu ne mai zafi, kuma za ku ci gaba da haɗuwa da mutumin a sahu ɗaya. A ba sulhu haƙƙinsa kafin a kira hukuma.

Kansila kuwa wakilinku ne, ƙuri'arku ce ta kai shi a zaɓen ƙananan hukumomin da aka yi ranar 19 ga Oktoba 2024. Mutane sun mayar da shi wurin neman gudummawar suna da biki, shi ya sa wasunsu suke ɓuya. Ku je masa da abin da yake ainihin aikinsa. Ba shi ke ba da kwangila ba, amma yana zama a majalisar da ke amincewa da kasafin kuɗin ƙaramar hukuma, yana iya tayar da maganarku a zama, yana iya shiga ofishin ciyaman ba tare da jira ba. Ku gayyace shi ya zo ya tsaya a bakin lambatun da ƙafarsa. Gani ya kori ji. Kafin ya tafi a tambaye shi a fili cikin ladabi: "Honorabul, yaushe za mu ji daga gare ka?" A rubuta ranar da ya faɗa a gabansa.

Takardar kanta

Shafi ɗaya ya isa. A rubuta ta zuwa ga Shugaban ƙaramar hukuma, ta hannun kansilan gunduma. Fayil ɗin gwamnati da Turanci yake tafiya, saboda haka a yi ta da Turanci, amma a yi kwafin Hausa a karanta wa jama'a, kada kowa ya dangwala hannu a kan abin da bai san ma'anarsa ba.

Matsala ɗaya a takarda ɗaya. Na sha ganin an haɗa lambatu da wuta da tsaro da neman aiki ga matasa a wasiƙa guda. Irin wannan babu sashen da zai ce tasa ce, sai ta yi ta yawo daga tebur zuwa tebur. A kan takardar a sa taken da ya faɗi wurin da matsalar. Sakin layi na farko ya ce su wane ne ku da inda kuke, da kwatance da baƙo zai gane, kamar bayan makarantar firamare kaza ko daura da masallacin Juma'a. Na biyu ya kawo abin da kuka auna kuka ƙirga. Na uku ya faɗi abin da kuka riga kuka yi da kanku. Na huɗu shi ne buƙata, kuma a raba ta biyu: ta gaggawa, wato a turo injiniya daga sashen ayyuka ya duba, a turo duba-gari, a ba da tifa, da ta dogon zango, wato a sa gina sabon lambatu ko kwalbati a kasafin kuɗin baɗi. Rabawar nan tana da amfani, domin ta farko ba ta buƙatar kuɗi mai yawa, jami'i zai iya cewa to a ranar.

Ba zagi, ba gugar zana, ba kuma doguwar kirari ga ciyaman. A ƙasa a sa sunaye da lambobin waya na mutum biyu da za a nema. A liƙa hotuna huɗu ko biyar da aka wanke, da takardar sa hannun magidanta. A rubuta waɗanda aka ba kwafi: hakimi, kansila, shugaban sashen ayyuka, shugaban sashen lafiya.

Hatimin karɓa

Nan ne gaɓar da nake so kowa ya riƙe da kyau. A yi fotokwafi aƙalla shida. A je sakatariya da safe, ranar aiki, a nemi ofishin da ake karɓar wasiƙu ana shigar da su rajista. A miƙa asali, sannan a miƙa kwafi guda a ce: "Malam, don Allah a buga mana shaidar an karɓa." Zai buga hatimi, ya sa kwanan wata, ya sa hannu. Wannan kwafin shi ne dukiyarku. A ɗauke shi hoto nan take, a tura wa 'yan kwamiti, a adana asalinsa a leda.

Mun taɓa kai takarda wani ofis muka damƙa ta a hannun wani da muka sani, ya ce mu kwantar da hankalinmu, shi zai shigar da ita da kansa. Mun ji daɗi muka koma gida. Bayan wata biyu muka dawo aka duba rajista daga farko har ƙarshe, babu ita. Ba mu da abin nunawa, dole muka sake bin gida-gida neman sa hannu, kuma kafin mu gama ruwa ya riga ya sauka. A daminar nan ɗakin wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli ya faɗi, Allah ya sa tana ɗakin jikokinta. Har yau in na wuce wurin sai na tuna da hatimin da ba mu nema ba. Ko ɗan'uwanka ne ciyaman, bi ta rajista, sannan ka kai masa kwafi a hannu.

Karɓar wasiƙa ba a biyan ko sisi. Idan kuma wata hulɗa ce da ke da kuɗin hukuma, kamar harajin shago ko na rumfar kasuwa, ku sani tun 2016 dokar haraji ta Jihar Kaduna ta hana karɓar kuɗin shiga a hannu, ta ɗora tattarawa a kan hukumar tara haraji ta jiha, KADIRS. A biya ta banki ko ta hanyar da hukuma ta tanada, a karɓi rasit.

Bibiya

Zuwa da kai ya fi aike. Bayan mako biyu mutum biyu su koma da kwafin mai hatimi, su tambayi inda takardar ta kwana. Bisa al'ada ciyaman ko sakatare zai yi rubutu a kanta ya tura sashen da abin ya shafa. Ku nemi sanin teburin da take, ku je ku gaishe da mai teburin, ku karɓi lambarsa. Injiniyan sashen ayyuka shi ne mutumin da ya kamata ku saba da shi, domin shi zai auna ya yi kiyasin kuɗi, kuma ba a sa aiki a kasafi sai da kiyasi. Ranar da zai zo dubawa a tare shi da mutane, a nuna masa har inda ruwan ya kamata ya fita, kada a gina lambatun da zai kwashe ruwa daga ƙofarku ya juye a ta maƙwabtan ƙasa.

A sayi littafi mai bango mai kauri. Duk zuwa a rubuta: rana, wanda aka gani, abin da ya ce. Ma'aikata da masinjoji a girmama su, su ne suka san inda kowane fayil yake. Idan wata guda ya wuce shiru, a rubuta takardar tuni, a ambaci ranar ta farko, ita ma a buga mata hatimi.

Sai batun lokaci, wanda mutane ba su cika lura da shi ba. Shekarar kuɗin gwamnati daga Janairu take zuwa Disamba, kuma a watannin ƙarshen shekara ake tsara kasafin mai zuwa. Wanda ya kai kukan kwalbati a watan Maris ya tarar an riga an raba. Saboda haka hoton da kuka ɗauka a Agusta ya zama takarda kafin Satumba ya fita. Jihar Kaduna tana da tsarin da ake kira CDC, inda al'umma ke jera buƙatunsu bisa fifiko don a duba su wajen tsara kasafi. Ku tambayi kansila ko jami'in ci gaban al'umma na ƙaramar hukuma yaushe ake tattara na gundumarku, ku halarta da yawa, ku tsaya kan abu ɗaya. Neman tifa da yashe magudana kuwa, Afrilu ne lokacinsa, kafin ruwan farko.

Idan aka ce babu kuɗi

Za a faɗa, kuma wani lokaci gaskiya ne, domin albashin malaman firamare da ma'aikata yana cin kaso mai tsoka. Amma kuna da damar ganin lissafi. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.60 cikin 100 na asusun tarayya, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa abin da kowace ta samu wata-wata a intanet. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan su kuɗinsu kai tsaye, ko da yake aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma a rubuce, a amsa masa cikin kwana 7, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Ku nemi kwafin kasafin da aka amince da shi, ku duba ko gundumarku tana ciki.

Idan duk da haka an yi biris, a hau sama da kwafin takardun masu hatimi: ma'aikatar ƙananan hukumomi a Kaduna, da ɗan majalisar jiha na mazaɓarku, ko Zariya Birni, ko Kewaye, ko Sabon Gari, ko Basawa. Akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, tana da ofis a Kaduna, kuma kyauta take aiki. Rediyo da Facebook suna da ƙarfi, amma ni a ganina a ajiye su sai an bi waɗannan matakan. In za a yi, a faɗi ranakun da aka kai takarda, a nuna hoto, kada a ɗora wa kowa sata ba tare da hujja ba.

Ranar da aiki ya zo

Ɗan kwangila ya sauke yashi da tsakuwa ba shi ne ƙarshe ba. Ku tambayi injiniya tsawo da faɗi da zurfin da aka amince, ku rubuta a littafi. A samu birkila ɗan unguwa ya riƙa leƙawa yana ganin yadda ake kwaɓa siminti da ko an sa rodi inda ya kamata. In an ga ha'inci, kada matasa su tare ma'aikata da faɗa. A ɗauki hoto a kira injiniya a ranar, kafin kankare ya bushe. Kada kuma wani a kwamiti ya karɓi ko buhu ɗaya na siminti da sunan na goro, domin daga ranar bakinsa ya mutu.

Bayan an gama, a rubuta takardar godiya ta layi biyar, a kai ta rajistar nan dai a buga mata hatimi. Sannan a zauna da mai unguwa a raba lambatun gida-gida, kowa ya san iyakar da zai riƙa yashewa, a kuma samar wa yaran da ake aike zubar da shara wurin da za su kai ta.